Ɗanmu Ɗalibi a Ƙasar Hungariya

Duk wanda ya taɓa cewa a miƙo masa biro, ya ambaci sunan wani mutumin Hungariya ko da bai sani ba. László Bíró ɗan jarida ne a birnin Budapest, shi ne ya yi rajistar irin wannan alƙalami a 1938, sunansa kuwa ya bi alƙalamin har cikin kasuwanninmu. Ban da wannan, da ɗan labarin Puskás a bakin tsofaffin masu son ƙwallo, yawancinmu ba mu san kome game da ƙasar ba. Amma ga shi yau 'ya'yanmu suna can, maza da mata, suna karatun likita, da haɗa magunguna, da aikin gona, da aikin injiniya. Waɗansu iyayensu ne suke biya, har da sayar da gona ko shanu. Waɗansu kuma sun sami taimakon karatu na gwamnatin ƙasar, wanda aka fara a 2013, ana kiransa Stipendium Hungaricum. Akwai kuma waɗanda yaƙin Yukiren ya koro a 2022, suka shigo ta garin Záhony na kan iyaka.

In muka buga musu waya, tambayarmu ɗaya ce: yaya karatu? Amsar ma ɗaya ce: lafiya lau. To, bari mu bi sawun ɗalibi ɗaya cikin shekararsa ta fari, mu ga abin da ke ƙarƙashin wannan "lafiya lau". Ba za mu sa masa suna ba, gama yana iya zama ɗan kowane gida.

Hungariya tana tsakiyar Turai, ba ta da bakin teku, kamar Nijar. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 93,000 ne, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 10 ba. Su kansu ba sa ce da kansu Hungariya, Magyar suke cewa. Ɗalibinmu yakan sauka a Budapest a farkon Satumba, bayan ya sauya jirgi a hanya. Daga nan sai jirgin ƙasa ya kai shi gabas, tafiyar awa biyu da rabi, zuwa Debrecen, birni na biyu a girma, mai mutum wajen 200,000. Da ya leƙa taga sai ya ga fili shimfiɗe ba dutse ko ɗaya, gonakin masara har iyakar ganin ido. Nan yakan ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Ƙasar manoma ce.

Mun zaɓi Debrecen domin jami'arta ta daɗe tana karɓar baƙi. Tun 1987 ake koyar da aikin likita a can da Turanci, 'yan Nijeriya kuwa suna cikin waɗanda suka fi yawa a ɗaliban waje. Wannan sauƙi ne, kuma tarko ne. Mutum yana iya shekara shida a garin, daga ɗakin kwana zuwa aji, daga aji zuwa kanti inda ba sai ya yi magana da kowa ba, ya dawo gida da takardar shaida bai taɓa shiga gidan ɗan gari ba.

Ƙasar da ba a tambayar gajiya

Abin da ya fara damunsa ba sanyi ba ne. Shiru ne. Ya shiga taragon lantarki da ke ratsa gari daga tasha zuwa jami'a, mutane cike, amma ba mai ce wa wani uffan. Ya yi wa na kusa da shi murmushi, shi kuwa ya kawar da kai. Mu da muka tashi da ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, sai mu ɗauka ƙiyayya ce. Yawanci ba ita ba ce. A ganinsu, wanda ba ka sani ba, mutuncinsa shi ne ka ƙyale shi.

Ba wai ba su da gaisuwa ba. Suna da ita, da dokokinta masu tsanani. In ka shiga ƙaramin kanti, ko ɗakin jiran likita, sai ka ce "Jó napot", watau barka da yini, in za ka fita kuma ka yi sallama. Tsakanin tsara ana cewa "Szia". Amma kada yaro ya kuskura ya ce wa dattijo ko malaminsa haka, sai in babban ne ya fara ba shi izini. Yara sukan ce wa manya "Csókolom", ma'anarsa na sumbaci hannunki. Tsohuwa ana haɗa sunanta da néni, tsoho da bácsi, daidai da yadda muke cewa inna da baba. Yaron da aka yi wa tarbiyya a gidanmu ba zai sha wahalar wannan ba. Ya riga ya san bambancin "kai" da "ku".

Ga inda muka rabu da su. Mu ko muna kwance a asibiti, aka ce yaya jiki, mukan ce da sauƙi. Shi mutumin Hungariya ba ya tambayar lafiyarka sai in yana so ya ji, in kai kuma ka tambaye shi, to, ka gyara tsayuwa. Zai ba ka labarin ciwon bayansa, da tsadar burodi, da halin surukarsa. Da fari ɗalibinmu yakan ce mutanen nan sun cika ƙorafi. Sai daga baya ya gane ranar da maƙwabcinsa ya fara yi masa ƙorafi, ranar ce ya fara ɗaukarsa mutum.

Ba za mu ɓoye ba, akwai kallo. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa baƙar fata baƙon ido ne. Akwai mai gidan hayar da zai ce ɗaki ya ƙare da jin muryar baƙo, akwai mashayin da zai jefo baƙar magana da dare. Tun 2015, sa'ad da aka kafa shingen waya a kan iyakar ƙasar da Sabiya, maganar baƙin haure ta yi zafi a siyasarsu, wani lokaci kuwa zafin yakan taɓa wanda ya shigo da takardunsa cikakku. Gara yaro ya ji wannan tun daga gida, ya kuma riƙa yawo da katin izinin zamansa.

Harshen fa? An ce yana cikin masu wuya a Turai, ba mu musa ba. Ba shi da dangantaka da Turanci, ko Faransanci, ko Jamusanci, ko harshen wata ƙasa cikin bakwai ɗin da ke kewaye da su. Danginsa na nesa su ne harsunan Finlan da Istoniya. Haruffansa 44 ne. Harafin s shi ne "sh" namu, sz kuma shi ne "s", don haka su Budapesht suke cewa. Sunan iyali ake fara faɗa kafin sunan yanka. Ba su da "shi" da "ita", kalma ɗaya ce, ő, ga mace da namiji. Amma mai jin Hausa yana da wata riba da Bature ba shi da ita. Kunnenmu ya saba da jan wasali, mun san fari da fāri ba ɗaya ba ne. Haka su ma: kor zamani ne, kór kuwa cuta. Ɗalibin likita dole ya koyi harshen, domin tsohuwar da zai duba a asibiti cikin shekarunsa na gaba ba ta jin Turanci. Masu taimakon gwamnati ma an wajabta musu darasin harshe a shekarar fari. Da yawa sukan yi shi don cin jarrabawa kawai, su zubar. A ganinmu asara ce babba. Kalma hamsin da aka faɗa da karyayyen harshe a kasuwa sun fi buɗe fuskar mai sayar da kabeji fiye da Turancin farfesa.

Tukunya

Uwaye za su so su ji wannan. Yaro ba zai kwana da yunwa ba, amma zai yi kewar tuwo. Babban abincinsu na tsakar rana ne, kuma da romo ake farawa. Sanannen abincinsu gulyás, romon naman sa ne da dankali da jan garin tattasai da suke kira paprika. Ganin jan miyar sai ɗalibinmu ya gyara zama, yana tsammanin yaji. Ina! Launi ne da ƙamshi. Sai wani ya nuna masa 'yar kwalbar niƙaƙƙen barkono mai suna Erős Pista, daga ranar kuwa ba ta rabuwa da teburinsa. Wannan tattasai ba abin rainawa ba ne: daga cikinsa Albert Szent-Györgyi ya fitar da bitamin C mai yawa a birnin Szeged, aka ba shi lambar Nobel a 1937.

Naman alade da kitsensa suna cikin abinci da yawa, har inda ba a zato. Wanda gidansu ba a ci, sai ya koyi kalmar sertés ya riƙa duba takarda. Doya da manja sai a kantunan baƙi, da tsada. Amma akwai garin masara da tsakin alkama a kowane kanti, ana tuƙa su su yi tuwo mai kyau. Su ma suna da tuwon masararsu, puliszka, ko da yake da cuku ko madara suke ci. Kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa su ne guzurin da ba a nadamarsa. Kilishi kam kada a sa a jaka. Dokar Tarayyar Turai, wadda Hungariya ta shiga a 2004, ta hana matafiyi shigo da nama ko nono daga waje.

Kuɗinsu forint ne. Mai taimakon gwamnati ba ya biyan kuɗin makaranta, ana ba shi wurin kwana ko ɗan taimakon haya, da kuɗin kashewa wanda shekara da shekaru yake forint 43,700 a wata ga masu digirin fari. Ba ya isa, balle bayan farkon 2023 da hauhawar farashi ta wuce kashi 25 cikin 100. Iyayen da suka ji an ce "kyauta" suka naɗe hannu, sun bar yaro cikin wahala. Mai biya da kansa kuwa, karatun likita ya haura dala 15,000 a shekara, ban da ci da haya.

Ranar Lahadi

A tsakiyar Debrecen akwai wata babbar majami'a mai launin rawaya da hasumiya biyu. Ita ce mafi girma ta Furotesta a ƙasar. Garin ya karɓi koyarwar Kalbin tun ƙarni na 16, kwalejinsa na ikkilisiya kuwa tun 1538 yake. A cikin wannan majami'a Lajos Kossuth ya yi shelar 'yancin ƙasar daga sarautar Ostiriya ran 14 ga Afrilu 1849, kujerarsa tana nan har yau. Mutanen nan sun sami Littafi Mai Tsarki cikakke da harshensu a 1590, aikin Gáspár Károli, watau shekara 342 kafin namu na Hausa ya fito a 1932.

Da wannan labari a kansa ɗalibinmu yakan shiga sujada, ya fito jikinsa a sanyaye. Ba ganga, ba tafi, ba zumuntar mata da tulu da kacau-kacau. Ana rera Zabura a hankali da molon iska, fasto cikin baƙar alkyabba ya yi wa'azi, awa ɗaya an tashi. Kujeru da yawa ba kowa, masu furfura sun fi yawa. Shekara 40 na mulkin kwaminis, wanda ya ƙare a 1989, sun bar tabo. A ƙidayar 2022 wajen kashi 40 cikin 100 ba su ma amsa tambayar addini ba. Cikin waɗanda suka ambaci addinin da suke bi, Katolika ne suka fi yawa, sa'an nan 'yan Kalbin.

Akwai taron sujada da Turanci a garuruwan jami'a, inda ɗaliban Afirka da na Asiya suke haɗuwa, a yi waƙa irin ta gida, wani lokaci a ci shinkafa tare. Muna murna da su ƙwarai, sun riƙe yara da yawa. Amma muna ba da shawara yaro ya riƙa leƙa majami'ar 'yan gari ko sau ɗaya a wata, ko ba ya gane wa'azin. A bakin ƙofa gaisuwarsu ita ce "Áldás, békesség", watau albarka da salama. Tsohuwar da ta ga baƙon fuska mako uku a jere a kujera ɗaya, ita ce wata rana za ta ja hannun rigarsa ta tambaye shi ko yana da inda zai ci abincin rana.

Duhun Disamba

Ran 1 ga Nuwamba iyalai sukan tafi makabarta da furanni da kyandir, da dare wurin ya haskaka kamar gari. Daga nan sai hunturu ya sauko. Sanyin ana maganinsa da babbar riga da takalmi mai kauri, ɗakuna kuma ana ɗumama su. Duhun ne ba a shirya masa ba. A Disamba rana takan faɗi a Debrecen kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini duka bai wuce awa takwas da rabi ba, shi ma sau da yawa hazo ya rufe shi. Agogonsu a lokacin daidai yake da na Nijeriya da Nijar. Sa'ad da uwa take cewa rana ta yi sanyi bari a ɗora tukunya, ɗanta ya riga ya kunna fitila.

A cikin wannan duhu jarrabawa take zuwa, daga tsakiyar Disamba har ƙarshen Janairu. Yawancinta ta baki ce. Ɗalibi ya sa tufafinsa na kirki, ya shiga, ya zari takarda ɗaya cikin waɗanda aka kife a tebur, a ba shi 'yan mintoci, sa'an nan ya tsaya gaban malami ya yi bayani. Ba na kusa da za a leƙa, ba a kuma jiran wata uku kafin sakamako. Nan take za a faɗa masa: 5 ita ce mafi kyau, 1 kuwa faɗuwa, sunanta da harshensu "bai isa ba". Yaranmu da aka koya musu sunkuyar da kai gaban babba, su yi magana ƙasa-ƙasa, sukan cutu a nan, gama malamin yana ɗauka rashin sani ne. Ana ba da damar sake gwadawa, amma tana da iyaka. Wanda ya faɗi babban darasi kamar ilimin sassan jiki yana iya maimaita shekara, da kuɗinta.

To, a nan ne haɗarin yake. Yaron da ikkilisiya duka ta raka da addu'a, wanda aka fara kira likita tun bai hau jirgi ba, da wane baki zai ce ya faɗi? Sai ya yi shiru. Ya daina zuwa sujada, ya daina ɗaga waya, ya kwana ya yini a ɗaki. Waɗansu a nan suke koyon sha. Jami'o'in suna da masu ba ɗalibai shawara a kan damuwar zuciya, zuwa wurinsu kuwa ba abin kunya ba ne. Mu iyaye ma muna da abin yi. Maimakon yaya karatu, mu tambaya: me ka ci yau? Da wa ka yi hira a makon nan? Yaushe rabonka da fita waje da rana? Mu kuma faɗa masa tun kafin ya tashi, a fili, cewa in jarrabawa ta kā da shi mu ne na fari da za su ji, ba kuwa za a kore shi daga gida ba.

Kirsimati tana tsakiyar wannan duka. Da yammacin 5 ga Disamba yara sukan ajiye takalmansu a taga, da safe ran 6 su tarar da alewa. Babbar ranar kuwa ita ce yammacin 24 ga wata. Da tsakar rana kantuna suna rufewa, kafin dare tituna sun zama wayam. Kowa yana cikin gidansa da iyalinsa kaɗai, ana cin romon kifi, da kabeji da aka cusa wa nama, da wani naɗaɗɗen burodi mai zaƙi da ake kira bejgli. Mu da muka saba da kwanukan shinkafa suna yawo gida gida har gidajen maƙwabtanmu Musulmi, da yara suna zagaya gari da sababbin kaya, ba mu san irin wannan Kirsimati ta rufaffiyar ƙofa ba. Ga baƙo, ba daren da ya kai wannan tsawo.

Saboda haka in wani iyali ya gayyace shi, ko a daren ko washegari, ya san ba ƙaramin abu aka yi masa ba. Ya isa a kan lokaci, gama ƙarfe 1 a wurinsu ƙarfe 1 ne. Ya riƙe 'yar tsaraba, ko cakulan ko furanni ga uwargida. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, za a ba shi silifa. Maigida zai kawo masa pálinka, wata barasa mai ƙarfi ta 'ya'yan itace, wadda sau da yawa shi ya dafa abarsa, yana kuma alfahari da ita. Ba sai an yi wa'azi ba. "Köszönöm, nem kérek", na gode, ba na bukata, ya isa, in an faɗa da sakin fuska. Abincin uwargida ne ba a ƙi. Za ta ƙara masa, ta sake ƙarawa, ta ce ya rame, ta kuma ƙulle masa saura ya tafi da shi. A nan kam ba su da bambanci da iyayenmu mata.

A irin wannan tebur ne zai ji abin da ke cikin zuciyar mutanen. Za a ba shi labarin Turkawa da suka riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, da yarjejeniyar Trianon ta 1920 wadda ta yanke wajen kashi biyu cikin uku na ƙasarsu, da tankokin Rasha na 1956. Suna maganar 1920 kamar bara aka yi. Wanda ya ji wannan ya fara gane dalilin da ya sa suke riƙe da harshensu kam-kam, suke kuma jinkirin sakin jiki da baƙo. Su ma za su tambaye shi nasa, sau da yawa su yi mamakin jin cewa masu jin Hausa sun ninka masu jin harshensu sau da dama.

Daga Maris rana takan fara daɗewa. Ran Litinin ta bayan Ista samari sukan bi gidaje suna yayyafa wa 'yan mata ruwa ko turare, a ba su jan ƙwai, don haka 'yarmu kada ta tsorata in abokin karatunta ya zo da kwalba. Kafin jarrabawar Yuni ta ƙare zafi yana iya wuce digiri 35, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 da rabi. Wanda bai sami kuɗin zuwa gida hutu ba, yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa Hortobágy, yamma da Debrecen kaɗan. Fili ne na ciyawa, da rijiyoyi masu dogon itacen jan guga irin na lambu, da garken shanu furfura masu manyan ƙahoni, kai ka ce na Fulani ne. Makiyayin shanun da harshensu shi ne gulyás. Daga tukunyarsa romon nan ya samo suna.